Cutar da Aka Ce Ba Ta San Afirka Ba

A shekarar 1800 wani ɗalibin likitanci mai suna Augustin Jacob Landré-Beauvais ya miƙa kundin kammala karatunsa a birnin Faris na ƙasar Faransa. Shekarunsa 28 a lokacin, yana aiki a Salpêtrière, wani makeken gida da ake tara mata marasa galihu, tsofaffi da majinyata da waɗanda dangi suka gaji da ɗawainiyarsu. Mata 9 ya yi bayani a kansu. Gaɓɓansu sun kumbura, sun sandare, a hankali suka karkace har hannu ya daina moruwa. Likitocin wancan zamani ciwon gaɓɓai ɗaya suka fi sani, wato gawut, wanda ya fi kama maza masu hali, ma'abota nama da giya, yakan dira a babban yatsan ƙafa cikin dare, bayan 'yan kwanaki ya saki. Ɗalibin ya lura na matan nan ba haka yake ba. Talakawa ne ke fama da shi, mata ya fi kamawa, gaɓɓai da yawa yake riƙewa a lokaci guda, kuma in ya sauka ba ya da niyyar tashi. Sai a 1859 wani likitan Landan, Alfred Baring Garrod, ya raɗa wa cutar sunan da ta tafi da shi har yau, rumatoyid. Shi ne dama tun 1848 ya nuna cewa jinin masu gawut na ɗauke da sinadarin yurik fiye da kima, abin da ya raba cututtukan biyu.

Mu a Hausa duk wannan amosanin gaɓɓai ne, ko kuma sanyin ƙashi. Suna ɗaya muka shimfiɗa wa cututtuka barkatai: zaizayar guringuntsi da ke zuwa da tsufa ko ɗaukar kaya, da gawut, da ciwon ƙashin masu sikila, wadda ma amosanin jini muke ce mata. Rumatoyid kuwa asalinta daban. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ke rikicewa ta afka wa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya shiga cin guringuntsi da ƙashi. Takan kama hagu da dama tare, musamman yatsu da wuyan hannu, mai ita ya tashi da asuba hannunsa a sandare, a yi sa'a guda ko fiye kafin ya iya riƙe butar alwala da kyau. Tana da 'yar'uwa mai suna lufus, wadda ba ta tsaya ga gaɓɓai ba, har fata da jini da ƙoda take taɓawa, kuma cikin kowane mutum 10 da ta kama kusan 9 mata ne, galibi masu shekarun haihuwa.

Bayyana cuta abu ne guda, sanin mutum nawa ke ɗauke da ita wani abu ne dabam. Fiye da shekara ɗari likitoci na ƙidayar waɗanda suka zo gabansu kawai. Wanda ya zo asibiti kuwa shi ne mai kuɗin mota, ko wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, ko wanda gidansu ke kusa. Duk wanda ya dogara da rajistar asibiti, labarin asibitin ya sani, bai san labarin garin ba.

A Manchesta ta Ingila aka fara gyara wannan da gaske, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Masu haƙar kwal na yawan rasa aiki saboda ciwon baya da gwiwa, sai Jonas Kellgren na Jami'ar Manchesta da abokin aikinsa John Lawrence suka shiga binciken abin. Daga mahaƙa suka wuce zuwa ga jama'ar gari. A shekarun 1950 suka ɗauki garin Leigh mai masana'antu a Lancashire, daga baya aka haɗa da karkarar Wensleydale a Yorkshire, ana zaɓo mutane ko suna ciwo ko ba sa ciwo, a duba gaɓɓansu, a ɗauki hoton ƙashi, a ɗebi jini. Gwajin jinin ma sabo ne a lokacin. Erik Waaler ya bayyana shi a Norwe a 1940, Harry Rose ya sake gano shi a New York a 1948: wani sinadari ne da ke yawo a jinin akasarin masu rumatoyid. A 1957 Kellgren da Lawrence suka fitar da ma'aunin karanta hoton ƙashin masu zaizayar gaɓa, daga mataki na 0 zuwa na 4, wanda likitocin ƙashi ke aiki da shi har gobe.

Da aka fara ƙidaya sai wata matsala ta taso: wa za a ƙirga? Wannan likita ya ce kumburin nan rumatoyid ne, wancan ya ce a'a. Dole aka zauna aka yi sharuɗɗa. Likitocin Amurka suka gyara nasu a 1958, aka yi taro a birnin Rum a 1961, aka sake wani a New York a 1966, duk don mai bincike a Ingila da mai bincike a Jafan su riƙa kiran abu ɗaya da suna ɗaya. Sakamakon da ya yi ta maimaituwa a Turai da Amurka shi ne, tsakanin mutum ɗaya cikin kowane baligi 200 zuwa mutum ɗaya cikin kowane baligi 100 na da cutar, mata kuma sun ninka maza sau biyu zuwa uku.

Akwai wani bincike na wannan zamani da ya kamata kowane Bahaushe ya ji, domin ya taɓa abin da muka yi imani da shi. Turawa ma sun daɗe suna cewa sanyi da danshi ne ke kawo amosani. A farkon shekarun 1960 masu bincike na hukumar lafiya ta Amurka suka ce bari a gwada. Suka zaɓi ƙabilu biyu na 'yan asalin ƙasar: Blackfeet da ke Montana, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, da Pima da ke hamadar Arizona, inda rana ke gasa mutum kamar bazarar Sakkwato. Da sanyi ne sila, da Pima sun tsira. Ba su tsira ba. Binciken da aka ci gaba da yi a cikinsu ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na manyansu na da rumatoyid, ninkin-ba-ninkin abin da aka gani a Ingila mai ruwan sama. A wajen wannan aiki ne aka tarar ciwon sukari ya yi musu katutu, har aka buɗe dogon bincike a kansa a 1965, wanda Peter Bennett, likita ɗan Ingila da ya yi karatu a Manchesta, ya shafe shekaru yana jagoranta. Sanyin hunturu na iya tayar wa mai ciwon gaɓa da raɗaɗi, wannan kowa ya sani, amma ba shi ne ya dasa cutar ba.

A 1965 wani matashin likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya sauka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Ya baro ƙasar da kowane ɗakin majinyata ke da masu karkatattun yatsu, ya zo inda da ƙyar yake ganin ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai. Ya koma ɗakin ajiyar takardu ya bi bayanan waɗanda aka kwantar cikin shekara goma, daga 1957 zuwa 1966, mutum kusan 100,000. Masu rumatoyid 'yan gommai kaɗan ya samu, masu lufus kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Waɗanda ya duba da idonsa ma cutar ba ta yi musu mummunan kamu irin na Turai ba. A 1968 ya buga sakamakon a mujallar Lancet, tare da wani tunani mai ƙarfin hali: wataƙila zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsin ciki, waɗanda ke ba garkuwar jikin ɗan Afirka aiki tun yana goye, su ne ke hana ta juyowa kan mai ita.

Bai tsaya a zato ba. Da ya koma Ingila ya samo wasu ɓeraye da aka san lufus na kama su ta gado, tana lalata musu ƙoda. Shi da abokan aikinsa suka sa wa wasu ƙwayar maleriya ta ɓeraye suka bar wasu. Waɗanda aka sa wa cutar suka fi daɗewa a raye, ƙodarsu ta fi lafiya. A 1970 aka buga wannan a mujallar Nature. Shekara goma sha tara bayan haka David Strachan ya kawo irin wannan tunani game da atishawar bazara da ƙaiƙayin fata a yaran Birtaniya, duniya ta ɗauka, aka yi ta maganar cewa tsabta mai yawa na da nata farashi. Ƙalilan ne suka tuna cewa daga ɗakin takardun Ibadan aka fara hango hanyar. Shi kuwa Greenwood a 1970 ɗin ya dawo Najeriya, wannan karo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekara goma. Sai dai a Zariya sanƙarau ya tarar yana kwasar yara duk rani, hankalinsa ya koma can da kan maleriya, daga nan ya wuce Gambiya a 1980. Ba na ganin laifinsa. Likitan da yara ke mutuwa a hannunsa cikin kwana biyu ba zai bar su ya bi ciwon da ke ɗaukar shekara ashirin ba. Amma sakamakon shi ne tambayar da ya tayar a ƙasar Yarbawa ba ta samu wanda zai bi ta da irin wannan naci a ƙasar Hausa ba.

A nan ya kamata a tsaya a duba abin da alƙaluman Ibadan suka faɗa da abin da ba su faɗa ba. Rajistar kwantarwa ce, ba ƙidayar gari ba. A shekarun nan gadon asibiti na mai tarin fuka ne, da mai naƙuda da ta gagara, da yaron da ƙyanda ta kayar. Matar da yatsunta ke kumbura a ƙauye ba ta mutuwa a ranar, don haka ba a kai ta birni, a gida ake mata magani. Sannan rumatoyid ta fi bayyana tsakanin shekara 40 zuwa 60, alhali a Najeriyar wancan lokaci matsakaicin tsawon rai bai kai 45 ba, rabin jama'a kuma yara ne. Gwajin lufus sai manyan ɗakunan gwaji, kuma budurwar da ta zo da zazzaɓi da kumburin ƙafa da ƙarancin jini, sunayen cututtuka goma za a kira kafin a tuna da lufus. Gwajin jinin rumatoyid ɗin kansa ya zama mai ruɗi a nan, domin an tarar yana fitowa a jinin mutane masu lafiyar gaɓɓai da yawa, saboda maleriya da sauran cututtukan da suka sha fama da su.

Masu binciken sun san da wannan, shi ya sa suka fita gida-gida. A Afirka ta Kudu aka yi aikin da ya fi ɗaukar hankali, aka buga shi a 1975. Peter Beighton da Louis Solomon da Hans Valkenburg suka duba 'yan ƙabilar Tswana a ƙauyen Phokeng, suka samu tabbatacciyar rumatoyid a kusan mutum 1 cikin 1,000. Da aka yi irin wannan aiki a Soweto, unguwar baƙar fata da ke gefen Johannesburg, sai aka samu kusan 9 cikin 1,000, daidai da Turai, kuma cutar ta fi tsanani. Baƙar fata ne a can, baƙar fata ne a nan. Abin da ya bambanta su shi ne zaman birni. Me ke cikin birnin? An yi ta lissafi: abinci, ƙura, hayaƙi, cunkoso. Daga baya bincike a Ingila da Suwidin ya tabbatar da cewa shan taba sigari na daga cikin manyan abubuwan da ke kunna rumatoyid, musamman ga wanda ya gaji wasu ƙwayoyin halitta da Peter Stastny ya fara danganta su da cutar a shekarun 1970, waɗanda ake kira HLA-DR4.

A 1993 wata tawaga da Alan Silman na Manchesta ya jagoranta, da likitocin Najeriya a ciki, ta buga sakamakon duba mutum kusan 2,000 a garuruwa biyu na karkarar kudancin Najeriya. Ba su samu ko mutum ɗaya mai tabbatacciyar rumatoyid ba, kuma ƙwayar halittar nan ta HLA-DR4 ta yi ƙaranci a cikin waɗanda aka gwada. Aiki ne na gaskiya, ba a raina shi. Amma a yi lissafi. Da cutar na kama 1 cikin 100 kamar a Turai, da an samu wajen mutum 20, don haka lallai ta fi ƙaranci a waɗannan garuruwa. In kuwa tana kama 1 cikin 1,000 kamar a Phokeng, mutum 2 kawai ake sa ran gani, rashin ganinsu kuma ba abin mamaki ba ne. Mutum 1 cikin 1,000 a ƙasa mai manya sama da miliyan 100 ya haura mutum 100,000. Kuskuren da aka yi a azuzuwa da ɗakunan duba marasa lafiya shi ne, “kaɗan ce” ta rikiɗe ta zama “babu ita”. Ɗalibin da aka koya wa cewa cuta ta Turawa ce ba zai neme ta a hannun 'yar ƙauyensu ba, abin da ba a nema ba kuma ba ya shiga rajista, rajistar ta sake tabbatar wa na baya cewa babu.

Lufus ce ta fara tona asirin wannan zagaye. A 1974 Jeffrey Fessel ya ƙirga masu ita a San Francisco, ya samu mace 1 cikin 245 a tsakanin baƙaƙen fata masu shekara 15 zuwa 64, fiye da fararen mata nesa ba kusa ba. Haka aka gani a tsibiran Karebiyan da kuma Birtaniya. To ta yaya jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka ta Yamma za su fi kowa kamuwa da cutar da aka ce ba ta san Afirka ta Yamma ba? Wasu suka ce cuɗanyar jini da Turawa ce, wasu suka koma ga maganar Greenwood, cewa sun rabu da maleriya sai garkuwar ta rasa abokin faɗa. A 2001 Mariam Molokhia da abokan aikinta suka ƙirga matan kudancin Landan masu shekara 15 zuwa 64. Cikin kowace 100,000, Turawa 35 ke da lufus, 'yan asalin Karebiyan 177, waɗanda suka yi ƙaura kwanan nan daga Afirka ta Yamma kuma 110. Matan nan a Najeriya da Gana da Saliyo da maƙwabtansu aka haife su, can suka sha cizon sauronsu. Da suka isa inda ake da gwaji da likitan da ke neman cutar, sai ga ta.

Wannan bai rushe tunanin Greenwood gaba ɗaya ba, ya dai sauya masa fuska. Masu bincike a Cambridge, tare da abokan aiki a Kenya, sun nuna a wajen 2010 cewa akwai wani sauyi a ƙwayar halittar da ke taka wa garkuwar jiki birki. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba ya fi tsira daga maleriya mai tsanani yana yaro, amma ya fi fuskantar lufus in ya girma, kuma sauyin ya fi yawa a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, inda sauro ya daɗe yana kisa. Mu da muka san labarin sikila ba za mu sha wahalar gane wannan ba, ciniki iri ɗaya ne. Wani abin lura kuma, magungunan maleriya na dangin kulorokwin suna cikin ginshiƙan maganin lufus, tun bayan rahoton Francis Page a 1951, har wasu masana suka yi tambaya ko yawan shan kulorokwin da aka yi a ƙasashenmu ya riƙa lafar da cutar ba a sani ba.

Amsar da ta fi kowace sauƙi daga Legas ta fito. Farfesa Olufemi Adelowo, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka ƙware a wannan fanni a Najeriya, ya buɗe asibitin masu ciwon gaɓɓai ya zauna yana rubuta abin da ya gani. A 2009 shi da abokin aikinsa suka ba da rahoton masu lufus 66. A 2010 ya fitar da bayanin masu rumatoyid 200 na farko da suka zo wurinsa, akasarinsu mata, da yawa sun yi shekaru da ciwon kafin su iso. Wannan ma rajistar asibiti ce, ba za ta faɗa mana yawan masu cutar a ƙasa ba. Abin da ta nuna shi ne, ranar da aka samu likitan da ya san cutar, a ranar majinyata suka fara bayyana.

Duk binciken da na ambata a nahiyar nan, daga Ibadan zuwa Phokeng zuwa Legas, babu wanda aka yi a Kano ko Katsina ko Damagaram ko Maraɗi. Amma matan suna nan a gidajenmu. An ce musu sanyi ne, an yi ƙaho, an yi sakiya, an sha saiwoyi. Da yatsu suka fara karkacewa aka ce sammu ne ko jifa, wani lokaci har a zargi kishiya, zumunci ya lalace a kan cutar da ba wanda ya aiko ta. Daga ƙarshe a dangana da kemis, a riƙa sayen ƙwayoyin sitiroyid da na kashe raɗaɗi ba bisa ƙa'ida ba, su sauƙaƙa ciwon yau, gobe su kumbura fuska, su tayar da hawan jini da sukari, su huda ciki. Alhali akwai maganin da ke tsayar da cutar kanta, irin su metotirezet, wanda aka amince da shi don rumatoyid a Amurka tun 1988, ba shi da tsada sosai, kuma in an fara shi a watannin farko ƙarƙashin kulawar likita yakan ceci gaɓar kafin ƙashi ya ciwu. Gaɓar da ta riga ta karkace kuwa magani ba ya miƙe ta.

Hanyar ƙidayar ba ɓoyayya ba ce. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta duniya suka tsara wani shiri mai suna COPCORD musamman don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi: ma'aikatan lafiya su bi gida-gida da takardar tambayoyi cikin harshen mutane, duk wanda ya ce yana ciwo likita ya duba shi. Muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, muna da ma'aikatan da suka san kowane lungu saboda rigakafin shan-inna, muna da mata ma'aikatan jinya da za su shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga. Ina kira ga waɗannan jami'o'i da ma'aikatun lafiya na jihohinmu su ɗauki gari ɗaya da ƙauyukansa su ƙirga, tambayoyin kuma a yi su da Hausar da ke bambanta sanyin ƙashi da kumburin gaɓa.

Kai kuma mai karatu, in akwai wata a gidanku da gaɓɓan hannayenta biyu suka kumbura sama da mako shida, tana tashi da safe a sandare, ko budurwa mai ciwon gaɓɓai da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da zubewar gashi da kumburin ƙafa, kada ka jira hunturu ya wuce. Kai ta babban asibiti, ka roƙi a haɗa ta da likitan gaɓɓai.